Darasin Zane a Babbar Sakandare: Ba a Soke Shi Ba, Mu Muka Yi Watsi da Shi

Tun da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fito da sabuwar manhajar makarantu gab da dawowa daga hutu a watan Satumban 2025, magana ta ƙi ƙarewa a majalisun malamai da na iyaye. Daga Koguna har Maitsidau, a nan ƙaramar hukumar Makoda, abin da ya fi yawo shi ne wai an zaftare darussa, an watsar da na wasa, kuma darasin zane yana cikin waɗanda aka yi waje da su. Gyara jita-jitar abu ne mai sauƙi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda aka karɓe ta. Ban ji wanda ya yi salati ba. Amsar da ta fi fitowa daga bakin mutane ita ce: to, da ma me ake yi da shi, yaro ya je ya koyi abin da zai ci abinci.

Ba a soke darasin zane ba. Yana nan cikin darussan zaɓi na babbar sakandare, a rukuni ɗaya da tarihi da adabi da Larabci da Hausa, kuma WAEC da NECO suna shirya jarrabawarsa. Abin da aka yi shi ne an rage yawan darussan da ɗalibi ke ɗauka zuwa takwas ko tara, sannan aka taɓa darussan sana'a. Manhajar 2011 ta zo da sana'o'i 34, kowane ɗalibi ya ɗauki ɗaya. Yanzu sun koma 6: haɗa sola, ɗinki da tsara tufafi, kiwo, kwalliya da gyaran jiki, gyaran kwamfuta da waya, sai noma da lambu. Cikin waɗanda suka faɗi akwai rini, da aikin fata, da ɗab'i, da fenti da ƙawata gini, da ɗaukar hoto. Rini da dukanci fa, sana'o'in da duniya ta san Kano da su tun kafin a san akwai wata ƙasa Najeriya. Na kasa kunne ko zan ji wani daga cikin masu magana da yawunmu ya ɗaga murya a kai, shiru.

Amma kafin a yi wa Abuja ca, a faɗi gaskiya. Waɗannan darussa sun daɗe da mutuwa a ajujuwanmu kafin a binne su a takarda. Shekara 14 tsohuwar manhajar ta yi tana aiki, kuma makarantu da dama sun zaɓi sana'o'in da alli kaɗai ya ishe su, irin dabarun talla da kiwon da ake yi a kan allo, don ba sa buƙatar karofi, ba sa buƙatar wuƙar dukanci, ba sa buƙatar malami na musamman. Shi ma zane haka aka yi masa. Mai shakka ya zaga mazaɓu 11 na Makoda, ya shiga kowace babbar sakandare ya yi wa shugabanta tambaya biyu: ina malamin zane, ina ɗakin zane? Ya dawo ya ba mu labari. Darasin da ba shi da malami ba ya hawa jadawali, wanda bai hau jadawali ba kuwa ba a yi wa yaro rajistarsa. Bayan 'yan shekaru sai ofis ya buɗe fayil ya ce ai babu mai so, don haka babu dalilin turo malami. A haka ake ta zagaye.

Inda rainin ya samo asali

Tun da aka buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, Kano ta ci ribar abin, ta samu likitoci da injiniyoyi da ba ta da su a da. Babu mai musun wannan. Sai dai nasarar ta bar mana wani lissafi a kai: mai ƙoƙari ya tafi kimiyya, mai bi masa ya tafi kasuwanci, wanda ya rage a tura shi ɗaya ajin. Shi kuwa zane ko a lissafin bai shiga ba. A firamare da ƙaramar sakandare akwai darasin al'adu da fasaha, wanda ya haɗa zane da kiɗa da wasan kwaikwayo, amma sau da yawa wanda aka ɗora wa shi malamin wani fanni ne da aka ga yana da sarari. Sai ya cika allo da bayani, yara su kwafa. Yaro zai haddace cewa ja da rawaya da shuɗi su ne tushen launuka, ya rubuta, ya ci, alhali bai taɓa garwaya biyu ya ga abin da zai fito ba.

A ƙarƙashin wannan duka akwai wata fahimta da ta fi kowacce ba ni haushi, wato cewa zane baiwa ce kawai. In Allah Ya ba ka Ya ba ka, in bai ba ka ba ko shekara goma ka yi a aji aikin banza ne. Da wannan magana ɗaya ake kashe darasin ta fuska biyu: mai baiwa ba ya buƙatar malami, marar baiwa kuma malami ba zai amfane shi ba. Baiwa gaskiya ce, akwai yaron da tun yana ƙarami in ya ja layi da gawayi a bango sai ka tsaya ka kalla. Amma abin da baiwa ke bayarwa shi ne sha'awa da laushin hannu. Awo da daidaito da sanin halin launi da halin kayan aiki, da iya tsara abu tun kafin a yi shi, waɗannan koyonsu ake yi, kuma su ne ainihin darasin.

Cire hular da ke kanka ka duba. Kafin allura ta taɓa ta, wani ya zauna da farin ƙyalle ya zana ta. Mu ce kan inci 22 ne, mai zanen kuma yana son adon ya maimaitu sau 8 a kewaye. Kowane gida zai ci inci 2 da kwata uku. In ya kauce da kaurin zare biyu kacal a kowane gida, kuskuren taruwa yake yi, sai an zo haɗe baki a ƙeya a tarar gidan ƙarshe ya tsuke ko ya tsaya a rabi. Wanda ya san hula, wurin da yake fara juyawa ya duba ke nan kafin ya taya. Saman hular kuma da'ira ne, adon da ya zauna lafiya a jikin bango dole a matse shi yana tafiya tsakiya, in ba haka ba ya cukurkuɗe. Ga kuma launi, wanda ba ya tsayawa a kamanni ɗaya: zare mai ruwan toka in ya zauna kusa da shuɗi sai ya yi kamar ya ɗebi rawaya, in aka mayar da shi kusa da ja sai ya karkata wajen kore. Idon ɗan Adam ne yake haka, kuma mai zane yana yin lissafinsa da wannan.

Yanzu dubi matar da ke ɗinka hular a ƙauyukanmu. Makonni takan yi a kan guda ɗaya, tsakanin girki da raino, tana ƙure ido a inuwar ɗaki. Hannunta ya ƙware ƙwarai. Amma ba ita ta yanke shawarar komai ba. An kawo mata ƙyalle a zane, an kawo zare a zaɓe, ta gama dillaliya ta karɓa. Ranar da yayin wannan adon ya wuce, sai ta jira a aiko sabo daga birni. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Manomin Makoda ya fi kowa sanin wannan bambanci. Gonakinmu ƙanana ne, ƙasa jigawa, ba a barin ta ta huta, damuna kuma gajera. Shi ya sa gero da dawa da gyaɗa da wake suke zama a gona ɗaya. Ɗan ƙwadagon da ka ɗauka yana iya fin ka ƙarfi, ya fi ka iya riƙe garma, kunyarsa ta miƙe sarai. Amma ba shi ke cewa ga inda za a gitta dawa ba, ko ga tazarar da za a bari don kada inuwa ta danne gyaɗa, ko ga lokacin da za a soka wake don ya tarar an cire gero ya samu rana ya yaɗu. Wannan aikin mai gona ne, kuma a ka ake yin sa tun kafin ruwan shuka. In tsarin ya ɓaci, ƙarfin ɗan ƙwadago ba ya gyara shi, sai dai ya ƙara nisa cikin ɓarna. Da kaka kuwa, shi ya riga ya karɓi kuɗin yininsa ya tafi, rumbu na mai tsari ne. Kuma babu wanda aka haifa da sanin gicci. A bayan uba ake koyonsa, damuna bayan damuna, ana kuskure ana gyarawa. To, matsayin zane ke nan a kan hula da atamfa da takalmi da gini da kwalin magani. Mu a wannan yanki mun yarda 'ya'yanmu su zama 'yan ƙwadago a sana'o'in da kakanninsu suka ƙaga, mun bar wa wasu tsarin.

Me ake koyarwa a shekara ukun?

Abu na farko shi ne gani. Ajiye ƙwarya a kan tebur ka ce wa ɗan aji ɗaya ya zana ta. Zai yi bakinta da'ira cif, domin kansa ya san bakin ƙwarya da'ira ne. Amma daga inda yake zaune ba da'ira idonsa ke gani ba, siffar ƙwai ce a kwance, kuma tana ƙara tsukewa in ya sunkuya. Malami zai sa shi ya miƙe hannu da fensir, ya rufe ido ɗaya, ya auna faɗin bakin da tsayinsa da babban yatsa, ya kwatanta. Ana ɗaukar makonni kafin yaro ya daina zana abin da ya ɗauka, ya koma zana abin da ke gabansa. Wannan tarbiyya ce ta hankali, kuma amfaninta bai tsaya a ɗakin zane ba. Ɗan ajin kimiyya ma a jarrabawar aikin hannu ta ilimin halittu ana ajiye masa ganye ko ƙwaro a ce ya zana ya sa sunayen sassa, kuma malamai sun san makin da ake zubarwa a wurin.

Daga nan sai haske da inuwa, da dalilin da ya sa titi ke tsukewa in ya yi nisa, da tsara haruffa yadda za a karanta su daga nesa, da maimaita ado a kan ƙyalle ba tare da an ga mahaɗa ba, da buga zane, da ɗauri da rini, da ginin yumɓu. Akwai kuma tarihi: Nok da Ife da Benin da Igbo-Ukwu, da adon bango da aikin fata da sassaƙar ƙwarya na ƙasar Hausa. Jarrabawar tana da ɓangaren rubutu, tana da ɓangaren zane, tana da ɓangaren ƙirƙira inda ɗalibi zai tsara abu ya fitar da shi da hannunsa. Wanda yake ganin wannan mafakar malalata ce bai taɓa zama awa uku a kan takarda ɗaya ba.

Kimiyya ma tana ciki dumu-dumu. Launin baba ba ya narkewa a ruwa, shi ya sa ba a jiƙa shi kawai a tsoma zane. Sai an haɗa shi da toka a karofi an bar shi kwanaki ya ruɓa. Tokar tana ba ruwan kaifi, ƙananan halittun da ke ruɓar da shi kuma suna cinye iskar da ke ciki, sai launin ya sauya hali ya narke, ya shiga cikin zare. Zanen da aka tsamo yakan fito kore-kore, yana shan iska yana komawa shuɗi a gaban idonka, domin launin ya koma halinsa na farko ya maƙale a cikin zaren. Marinan Ƙofar Mata, waɗanda ake danganta farkon marinarsu da 1498, sun san wannan da hannu da hanci. Ɗalibin da ya haɗa sanin nasu da abin da ke littafin kimiyya shi ne zai iya gano dalilin da ya sa wani rinin ke zuba wani ba ya zuba.

Batun haramci

Akwai iyayen da ba raini ne ya hana su ba, tsoron Allah ne. Wannan ba abin dariya ba ne, domin hadisan da suka yi gargaɗi a kan surantawa ingantattu ne. Sai dai gargaɗin a kan siffanta abu mai rai yake, kuma ko a nan malamai sun yi tafsili. Malaman Malikiyya, waɗanda a littattafansu muka tashi, sun bambanta tsakanin gunki mai jiki da inuwa da zanen da ke shimfiɗe a takarda. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin wani mai sana'ar zane da ya je wa Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, yana neman fatawa. Ya tsoratar da shi a kan masu rai, sannan ya nuna masa itatuwa da duk abin da ba shi da rai. Bai ce masa ya bar sana'ar ba. Fatawa ta malamai ce, kowa ya tambayi wanda ya amince da shi. Abin da ya kamata uba ya sani shi ne mafi yawan manhajar ba ta da alaƙa da masu rai, kuma a takardar zane ta WAEC ana ba da zaɓi tsakanin kayan amfani da tsirrai da siffar mutum.

Mu kuma tuna cewa gidan malamai ne gidan zane na farko a ƙasar nan. Allon zayyana da ake yi wa mai sauka, da dabarun raba fili da haɗa ja da kore da rawaya, a tsangaya aka raine su. Alƙur'anin da marigayi Sharu Bala Gabari ya rubuta da hannu an buga shi, ya shiga gidaje da masallatai a faɗin Arewa da maƙwabta, kuma duk wanda ya buɗe shi ya ga mutumin da ya san awo da tazara da nauyin alƙalami. Masallacin Juma'a na Zariya da Muhammadu Durugu, Babban Gwani, ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim, har yau ɗaliban gine-gine suna nazarin bakan gizonsa. Aska takwas da ke ƙirjin rigar liman, da dagi da ke jikin soro, babu mai rai ko ɗaya a cikinsu.

Abin da muka riƙe muka saki

Da Heinrich Barth, Bajamushen matafiyi, ya shigo Kano a 1851, abin da ya fi ba shi mamaki shi ne tufafin da ake saƙawa ake rinawa a nan, waɗanda ya ce suna kaiwa har Tambutu da Murzuk da Tarabulus. Mafi yawan wannan aiki ba a cikin ganuwa ake yin sa ba, a garuruwa da ƙauyukan kewaye ne, irin su Kura da rininta da Minjibir da saƙarta. Manomi ne da damuna, masaƙi ko marini ko baduku da rani. Ita ma makarantar boko ta farko da Hans Vischer, Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa a 1909 tana da sashen sana'o'in hannu, inda gwanayen gari suke koyarwa. Ashe ba boko ne ya zo da raina aikin hannu ba tun asali, daga baya muka koya.

Darasi mafi ɗaci yana Zariya. A 1958 wasu ɗaliban zane a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 suka kafa ƙungiya, suka ce ba za su tsaya ga kwaikwayon Turawa ba, za su haɗa dabarun da aka koya musu da adon gidajensu. Uche Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo, Bruce Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin Urhobo, Yusuf Grillo ya koma ga rayuwar Legas. Daga nan sunayensu suka zagaye duniya, ayyukansu suna rataye a manyan gidajen tarihi. A ƙofar gidanmu aka yi wannan. Arewa ta fitar da nata gwanayen daga wannan makaranta, amma ba gwargwadon dukiyar adon da take da ita ba. A 1976 sai da wani malami Bature na jami'ar, David Heathcote, ya tattara rigunanmu da hulunanmu da fatunmu ya baje kolinsu a Landan. Ladi Kwali kuwa, wadda ta koyi ginin tukwane a ƙauye, ta shiga cibiyar Michael Cardew a tsohuwar Abuja, Suleja ta yau, a 1954. A can ta haɗa adon Gwari da sabbin dabarun gashi, jami'ar Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, yau hotonta na bayan naira 20. Baiwarta tana nan tun tana ƙauye. Horon da ta samu ne ya buɗe mata kasuwar duniya.

Ina kuɗin yake?

Shiga Kantin Kwari ka ɗaga atamfa ka duba inda aka yi ta. Kaso mai yawa daga Sin yake zuwa, da ado irin wanda matanmu ke so, domin wani ya zauna ya nazarci abin da muke so ya zana. Hular inji ta shigo tana kwaikwayon ta hannu a farashi mai rahusa, kuma abin da zai cece ta hannu shi ne sabon ado da inji bai riga ya kwafa ba. Masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa suna fitar da fata zuwa Italiya da Sifaniya, can a yanka ta a kan fasalin da wani ya zana, ta dawo mana takalmi da jaka da ninkin kuɗi. Ko man gyaɗar da ake matsewa a gidajenmu, a tsohuwar robar ruwa ake zuba shi a kai bakin titi. Man nan ɗin dai, in ya samu kwalba mai kyau da takarda mai suna da adireshi da ranar da aka yi shi, yadda NAFDAC ke buƙata, sai ya hau kantar babban shago da wani farashin. Wanda zai tsara takardar nan, aikinsa zane ne.

A birni, shagunan ɗab'i cike suke da samari a gaban kwamfuta suna fama da CorelDraw: katin biki, kalanda, sitika, fastar siyasa, bangon littafi, tallar fim. Yawancinsu a wurin maigida suka koya, kuma sun cancanci yabo. Amma kalli allunan da ke kan titunanmu: launi bakwai a fasta ɗaya, haruffa iri biyar, lambar waya ta ɓace a cikin furanni. Sun san maɓallan, ba a koya musu ido ba. Shi ya sa babban kamfani in zai yi tambari yakan nufi Legas. Masu cewa ai yanzu waya na yin komai su lura da wannan. Manhajar waya za ta ba ka samfuri ɗari a minti ɗaya, amma zaɓen wanda ya dace da gyara shi ya zauna da rubutun Hausa mai ƙugiya, ko da ajami, sai wanda aka horar.

Ba ina cewa duk wanda ya ɗauki zane zai yi arziki ba ne. Ba duk ɗan ajin kimiyya ne ke zama likita ba, kuma ba mu rufe ajin saboda haka ba. Abin da nake cewa shi ne a cikin kowane aji na yara sittin ko saba'in akwai 'yan kaɗan da nan ne ƙofarsu, mun toshe ta, sannan muna kiransu daƙiƙai.

Abin da ba ya buƙatar biliyoyi

Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, kuma an ga gyaran ajujuwa da rabon kujeru da ɗaukar malamai. Madalla. Sai dai gini da kujera su ne ake iya ɗauka a hoto, shi ya sa suka fi samun gata. Malaman zane ba daga sama za a sauko da su ba. Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi tana nan kusa da mu, ga Sa'adatu Rimi a Kumbotso, ga Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano, ga sassan zane da na ƙirar masana'antu a Zariya. Suna yaye ɗalibai, wasunsu suna can suna tuƙa Adaidaita, wasu an ɗauke su aiki an ba su darasin da ba nasu ba. Malami ɗaya mai babur zai iya riƙe makarantu biyu ko uku da ke kusa da juna in an tsara jadawali da hankali.

Kayan aiki ma ba su ne matsalar da ake zuzutawa ba. Yumɓu yana bakin rafi, gawayi yana murhu, kaba da ƙwarya da zare suna kasuwar Dambatta. Fensir da takarda da tebur mai faɗi sun isa shekarar farko. Mai zanen hula da baduku da maginiyar tukwane suna cikin gari, a gayyace su aji a biya su haƙƙinsu, malami ya ɗora awo da ƙa'ida a kan abin da suka nuna. Makarantun 'yan mata su ya kamata a fara da su, domin yarinyar da ta iya zana hularta da kanta ta fita daga jiran dillaliya. Darasin ɗinki da tsara tufafi kuma, wanda ya tsira a cikin sana'o'i shidan nan, in babu mai koyar da zane da awo a makarantar, shi ma bayani zai koma a kan allo kamar waɗanda suka gabace shi.

Iyaye su sani cewa a aji ɗaya ake yanke wannan shawara. Hukumomin jarrabawa suna neman makin gwajin ɗalibi na tsawon zamansa a babbar sakandare, don haka darasin da ba a fara da shi ba, ba a cusa shi a aji uku. Ba a fafe gora ranar tafiya. Uban da ya ga ɗansa ko 'yarsa na da hannu ya tayar da maganar a taron iyaye da malamai tun zangon farko, ya nemi a rubuta buƙatar a aika ofishin shiyya, a ajiye kwafi. Ofis ba ya aiki da abin da aka faɗa a majalisa, da takarda yake aiki.

Ita kuma Hukumar Kula da Manyan Makarantun Sakandare ta Jihar Kano, akwai abu ɗaya da za ta iya yi cikin mako guda ba tare da ta kashe ko sisi ba: ta fitar da adadin malaman zane da take da su, da inda aka tura kowanne, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, da darasin da kowanne ke koyarwa a zahiri. In Makoda da Kunchi da Dambatta suna da rabonsu, mu gani mu yi godiya. In kuwa duk suna cikin birni, to a daina cewa yaran karkara ne ba sa so, domin ba a taɓa tambayarsu ba.